Shafin da ya fi wayarka faɗi: Me ya sa sai an ja dama, an ja hagu?

Batunmu na yau ƙarami ne a ido, amma duk wanda ya taɓa duba sakamakon jarrabawa ko ya cike fom ɗin neman gurbin karatu da waya ya ɗanɗana shi. Za ku buɗe shafi, ga sunanku, ga jerin darussa: Turanci, Lissafi, Hausa, Bayoloji, har tara. Makin fa? Babu shi. Ya ɓuya can dama, bayan iyakar fuskar wayar. Sai ku sa yatsa ku ja shafin, makin ya bayyana, sunayen darussan kuma su ɓace. Yanzu ga C6, ga D7, ɗaya bisa ɗaya, amma ba ku san wanne ne na Lissafi ba.

Kowane ɗan aji shida ya san abin da ke tsakanin waɗannan biyun. C6 kiredit ne, D7 ba kiredit ba ne, jami'o'i kuma kiredit biyar suke nema, galibi har da Turanci da Lissafi. Ke nan layi ɗaya da ido ya tsallake zai iya sa a yi murnar banza a gida, ko a kwana ana kuka alhali an ci. Na fom ma ya fi muni: mutum ya cike komai, ya zo ƙarshe, ya nemi maɓallin turawa ya rasa, ga shi wa'adin rufewa ya matso.

A cikin garin Daura wanda hakan ta faru da shi zai iya takawa kafe ya biya a duba masa a kwamfuta. To amma masarautar ba garin Daura ba ce kaɗai. Ƙananan hukumomi biyar ne: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Ɗalibar da ke wani ƙauye a Baure, ko yaron da ke kusa da iyakar Kwangwalam, wayar yayansa ko ta babansa ita ce kwamfutarsa, sau da yawa ma aronta aka ba shi na ɗan lokaci. In shafi ya ƙi zama a fuskar wannan wayar, abin ya koma kuɗin mota da kuɗin kafe da asarar yini guda. Yawancin waɗanda abin ya sama kansu suke zargi, ko su ce wayar ce ƙarama. Ba haka ba ne. Laifin yana wajen wanda ya gina shafin, kuma gyaransa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna a kai, domin a cikinku ne masu gina shafukan makarantu da asibitoci da kasuwannin Daura za su fito, musamman yanzu da garin yake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya.

Darasin allo

Ku tuna makarantar allo. Almajiri ya ɗauko allonsa, ya tsoma alƙalami a tawada, ya fara daga dama. In ya iso bakin allon ba ya cewa a ƙaro masa katako a gefe, sauka yake yi layi na gaba. Allon ƙolo ɗan siriri ne, na gardi kuwa faffaɗa ne, amma rubutun zai shiga kowanne, sai dai ya ci layi huɗu a wannan, biyu a wancan. Faɗin allo ne ke yanke hukunci, rubutu kuma ya bi.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, haka shafin intanet yake tun asalinsa. Tim Berners-Lee, ɗan Ingila, shi ya kawo shawarar wannan tsari a 1989 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan, shafin farko kuma ya fito fili a 1991. Rubutu ne zalla, babu wanda ya ƙayyade masa faɗi. In an tsuke tagar burauza sai rubutun ya naɗe ya sauko ƙasa, in an buɗe ta ya miƙe. Har gobe, in kuka rubuta sakin layi goma da HTML ba ku ƙara komai ba, ba za su taɓa zarce gefe ba. Ashe jan shafi gefe ba halittar intanet ba ne, ƙari ne da hannun mai gini yake kawowa.

Me ya sa ja sama da ƙasa bai dame mu ba, amma ja gefe yake gajiyar da mu? Saboda yadda muke karatu. In shafi ya yi tsawo, sai kun gama layi ashirin kafin ku ja sau ɗaya. In ya yi faɗi, kowane layi sai kun ja don ku ga ƙarshensa, ku sake jawowa don ku ga farkon na gaba. Layi ashirin, ja arba'in ke nan. A kowace dawowa kuma ido yana iya sauka a layin da ba shi ba. Wannan ne ainihin abin da ke faruwa da C6 da D7.

Yadda aka shiga matsalar

A shekarun 2000 kusan kowa a Turai da Amurka da kwamfutar tebur yake shiga intanet, mafi yawan fuskokin kuma faɗinsu ɗigo 1024 ne. Waɗannan ɗigogin su ake kira fiksel. Masu gina shafuka sai suka saba da yanka shafi a kan faɗin 960, domin yana shiga cikin 1024 ya bar sarari, kuma lamba ce mai daɗin rabawa: tana rabuwa gida 2, 3, 4, 6, 12 ba tare da saura ba. Suka yi ta gini a haka kamar telan da ya auna mutum ɗaya ya ce duk garin awonsu ke nan.

Sai waya ta shigo. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, mai faɗin fiksel 320 kacal. Da yake shafukan duniya duk an yanka su don kwamfuta, sai aka yi dabara: burauzar wayar ta riƙa yin kamar faɗinta 980 ne, ta zana shafin a haka, sannan ta ƙanƙantar da shi ya shiga fuskar. Shafin ya shiga kam, amma rubutun ya koma kamar ƙafar tururuwa. Mutum ya buɗe shi da yatsu biyu don ya karanta, shi ke nan an dawo ja dama, ja hagu.

A watan Mayun 2010 wani mai tsara shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya rubuta maƙala a mujallar intanet mai suna A List Apart wadda ta sauya tunanin masu sana'ar. Abin da ya kawo shi ne a daina yanka shafi a kan awo ɗaya. A auna sassan shafi da kaso cikin ɗari, a bar hotuna su tsuke su miƙe, sannan a riƙa tambayar na'ura faɗinta kafin a jera mata kaya. Mu a wajenmu wando mai zariya ke nan: ɗinki ɗaya, amma siriri ya ɗaure, mai jiki ma ya ɗaure. Daga 21 ga Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a waya cikin sakamakon binciken da aka yi da waya. Kamfanin ƙididdiga na StatCounter kuma ya ba da rahoton cewa a watan Oktoban 2016, a karon farko, shiga intanet ta waya da tablet ya zarce na kwamfuta a duniya.

Mu nan ba mu ma bi ta wannan hanyar ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kuma akasarinmu ta waya muka fara ganin intanet, ba mu taɓa ratsawa ta kwamfutar tebur ba. Ku tambayi yayyenku zamanin Nokia mai maɓallai da 2go da Opera Mini. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Opera Mini ta karɓu, bayan rage cin data, shi ne tana iya matse shafi ta mayar da shi layi ɗaya dogo wanda ba sai an ja gefe ba. Saboda haka abin takaici ne a ce har yau akwai masu gina wa ɗaliban Nijeriya shafi suna gwada shi a laftof ɗinsu kawai, su ce ya yi kyau, su miƙa.

Kafin mu shiga gyara, ga wata lamba da ya kamata ku riƙe: 360. A jikin kwalin Tecno ko Itel ko Infinix za ku ga an rubuta faɗin fuska 720 ko 1080. Ɗigogin gilashin ke nan, kuma sun yi ƙanƙanta da yawa, don haka burauza takan haɗa biyu ko uku ta lissafa su ɗaya. 720 raba biyu, 360. 1080 raba uku, 360. Wayoyin Android da yawa a nan suke, wasu sun ɗan ɗara. Yanzu ku ɗora shafi mai faɗin 960 a kan fuska mai 360: fiksel 600 suna waje, wato kusan kashi biyu cikin uku na shafin ba a gani.

Mu gina shafin Kusugu

Mu ɗauka ƙungiyar kwamfuta ta makarantarku ta yanke shawarar gina ɗan shafi kan tarihin Daura: Rijiyar Kusugu, labarin Bayajidda da sarauniya Daurama, fadar Sarki, hawan Sallar Gani. HTML shi ne ƙashin shafin, CSS kuma tufafinsa, shi ke faɗin launi da girma da wurin zaman kowane abu. Ga wuraren da ɓarnar take shigowa.

Na farko yana can saman shafin, inda mai karatu ba ya gani. Akwai layi ɗaya da ake kira viewport, wanda a cikinsa ake rubuta width=device-width. Ma'anarsa: ke waya, daina yin kamar faɗinki 980 ne, yi aiki da faɗinki na gaskiya. In aka manta da shi, wayar za ta cusa 980 cikin 360, harafin da aka yi wa girman 16 ya koma kamar 6. Duk sauran gyaran da za mu ambata ba zai yi tasiri sosai ba in babu wannan layin, don haka da shi ake farawa.

Sai hotuna, su ne manyan masu laifi. Kun je hawan Gani kun ɗauko hoton mahaya da waya mai megafiksel 12. Faɗin irin wannan hoton yakan kai 4000. In kuka sa shi a shafi yadda yake, ya ninka fuskar wayar sau goma sha ɗaya: mai kallo zai ga kunnen doki ɗaya, sauran sai ya yi tafiya. Maganin layi biyu ne a CSS. Ku ba hotuna max-width: 100%, wato kada hoto ya wuce faɗin akwatin da yake ciki, sannan height: auto, don tsawonsa ya bi faɗinsa, kada dokin ya koma kamar raƙumi. Amma ku lura, wannan ya rage girman hoton a ido ne kawai, bai rage nauyinsa ba. Mai kallo zai sauke hoton 4000 ɗin gaba ɗaya da datarsa, don a nuna masa 360. Mutunci shi ne ku rage hoton tun kafin ku ɗora.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita masu koyo, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa. Duk abin da ke cikin shafi akwati ne: sakin layi akwati ne, hoto akwati ne, maɓalli akwati ne. Kowane akwati yana da ciki, da tazara tsakanin rubutu da bango, da bangon kansa. A yadda CSS ta zo, in kuka ce faɗin akwati kaza ne, cikin kawai kuka auna, tazara da bango ƙari ne a kai. Ku ce kun ba akwati width: 100% a wayar 360, kuka sa tazarar 20 a dama da 20 a hagu don rubutu ya sha iska, kuka zana masa bango mai kaurin 2 a kowane gefe. Lissafi: 360 da 40 da 4, ya zama 404. Fiksel 44 sun fita waje, shafin ya fara rawa gefe, ku kuma kuna rantsuwa ɗari bisa ɗari kuka rubuta. Kamar magini ne da aka ba fili mai ƙafa 50, ya auna tsakar gida ƙafa 50 cif, sannan ya ɗora katanga a waje. Dole ya ci hanya ko ya ci maƙwabci. Umarnin box-sizing: border-box shi ke cewa a lissafa katangar a cikin ƙafa 50 ɗin. Masu sana'ar da yawa a layin farko na CSS ɗinsu suke sa shi ga kowane akwati, su huta.

Akwai ɗan'uwansa da ake kira 100vw, wato faɗin taga gaba ɗaya. A kwamfutoci da yawa wannan awon yana haɗawa da siririyar sandar ja da ke gefen dama, mai faɗin kamar 15 zuwa 17, sai shafin ya zarce da wannan ɗan kaɗan ɗin. In 100% zai yi muku aiki, ku bar shi.

Jerin maɓallan saman shafi ma yana da nasa hali. Kun jera Tarihi, Sarakuna, Kusugu, Gani, Kasuwa, Hotuna, Tuntuɓe Mu, su bakwai a layi ɗaya da tsarin da ake kira flex. Ɗabi'ar flex ita ce ta riƙe kowa a layi ɗaya ko da wuri ya ƙare. Bencin aji ne mai cin mutum huɗu aka ce bakwai su zauna. Da flex-wrap: wrap sai ukun da suka rage su koma benci na baya.

Sai kalma mai tsawo. Burauza tana karya layi ne a inda ta ga sarari ko karan ɗori. Hausa ba ta ba ta wahala: kalmominmu gajeru ne, dogayen kuma irin su tafiye-tafiye da gyare-gyare sun zo da wurin karyawa a tsakiyarsu. Matsalar tana zuwa ne daga adireshin intanet ko na imel, harafi sittin ko tamanin a manne babu sarari. Shi kaɗai ya isa ya tura shafi gefe. Umarnin overflow-wrap: anywhere yana ba burauza izinin karya shi a duk inda wuri ya ƙare.

Jadawali, mai taurin kai

Jadawali ne ya fi kowa gardama, domin amfaninsa shi ne a ga abubuwa kusa da juna. Ku ce kuna son jera Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, kowanne da jihar da yake a yau, da babban garinsa, da sana'ar da aka san shi da ita, da ɗan bayani. Layin tsaye biyar ke nan, a faɗin 360 kowanne ya samu 72, abin da ko kalma biyu ba zai ɗauka ba.

Tambayar farko ba ta CSS ba ce, ta hankali ce: duk layukan nan ana bukatarsu? Mu koma kan takardar sakamako. Abin da ɗalibi ya zo nema biyu ne, darasi da maki. In aka sa su gefe da gefe suna shiga kowace waya. Lambar darasi, sunan cibiya, shekarar jarrabawa, duk za su iya zama a sama ko a ƙasa. Wanda ya cusa su tsakanin darasi da maki bai tsaya ya tambayi kansa wa zai karanta ba.

In kuwa ba a iya ragewa, hanya biyu ce. Ko dai a ce wa shafin, in faɗi bai kai 600 ba, ya wargaza jadawalin ya mayar da kowane layi ɗan kati: Daura da bayananta a jere zuwa ƙasa, sai Kano da nata, har bakwai. Ko kuma a sa jadawalin cikin akwati a ba akwatin overflow-x: auto, ta yadda jadawalin kaɗai ne zai ja gefe, sauran shafin yana nan daram. Mai ƙwazo zai ƙara da kafe layin farko da position: sticky, don sunan gari ko na darasi ya tsaya a wurinsa yayin da sauran ke wucewa. Da wannan kaɗai, rikicin C6 da D7 ya ƙare.

Wannan ya nuna ba kowane jan gefe ne abin ƙi ba. Taswira dole a ja ta ko'ina. Jerin hotunan hawan sallah da ake shafawa ɗaya bayan ɗaya, kamar na Instagram, babu laifi, domin mai kallo ya san abin da zai tarar, kuma ba karatu yake yi ba. Abin da muke yaƙi da shi shi ne shafi gaba ɗayansa ya riƙa zamewa ƙarƙashin yatsa, ko a ɓoye wa mutum abin da ya zo nema.

Maganin da ya fi cutar muni

In kuka yi bincike za ku ci karo da masu cewa abu ne mai sauƙi: a sa overflow-x: hidden a kan shafin gaba ɗaya. Da gaske ne, nan take shafin zai daina rawa. To amma abin da ya zarce bai dawo ciki ba, an dai datse shi ne. Da, mai haƙuri zai ja gefe ya samo maɓallin turawa. Yanzu maɓallin yana waje kuma an toshe hanyar zuwa wurinsa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Mu 'yan Daura bai kamata a koya mana wannan ba: labarin da muka tashi da shi ya ce Bayajidda bai tsaya rufe bakin rijiya ba, kan macijin ya sare. Ku nemo akwatin da ya zarce ku gyara shi.

Nemo shi kuwa ba wuya. Ku sa wa kowane akwati jan layi na ɗan lokaci da outline: 1px solid red, sai shafin ya cika da jajayen murabba'ai. Wanda jan layinsa ya fita bayan iyakar fuska, shi ne ɓarawon.

Ba masu ƙaramar waya kaɗai ba

Akwai wasu da wannan batu ya fi shafa, kuma ba kasafai ake tuna su ba. Kakanku da idonsa ya yi rauni, ko abokin karatunku mai larurar gani, in za su karanta shafi sai sun ƙara girmansa ninki uku ko huɗu. Fuskar kwamfuta mai faɗin 1280, in aka ƙara girma zuwa kashi 400 cikin ɗari, abin da ya rage na aiki 320 ne, daidai da ƙaramar waya. Shi ya sa ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a 1994 don tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta sa wannan a cikin ƙa'idojinta na WCAG 2.1 da suka fito a watan Yunin 2018. Ƙa'ida mai lamba 1.4.10 ta ce shafi ya iya naɗewa a faɗin 320 ba tare da an ja shi ta fuska biyu ba, in ban da abubuwa irin su taswira da jadawalin bayanai waɗanda dole sai da faɗi. A Nijeriya, dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi gyaran da mai keken guragu zai iya shiga. A ganinmu shafin neman gurbin karatu ma ƙofar makaranta ne, bai kamata a yi masa matakalar da wasu ba za su iya hawa ba.

Wani ɗan ƙari ga masu sha'awar rubuta shafi da ajami: da yake rubutun daga dama yake farawa, sai an gaya wa burauza da dir="rtl". A irin wannan shafin abin da ya zarce hagu yake fita, don haka can za ku duba.

Gwaji kafin a miƙa

In makarantarku tana da ɗakin kwamfuta, Notepad da Chrome sun isa a fara. Ku rubuta shafin, ku buɗe shi, ku kama gefen tagar ku yi ta tsukewa a hankali kuna kallon inda zai fara karyewa. Ku danna F12, akwai ɗan hoton waya a saman kayan aikin da za su buɗe, wanda zai ba ku damar rubuta 360 ko 320 ku ga shafin yadda waya za ta gan shi. Sannan ku riƙe Ctrl kuna danna alamar tarawa har girman ya kai 400. Wanda ba shi da kwamfuta kuma akwai manhajoji irin su Acode da ake rubuta HTML da CSS da su a wayar Android, kuma shi yana da wata riba a kan mai laftof: a fuskar da mutane za su karanta yake gini tun daga farko.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na gida. Ku nemi wayar da ta fi kowace ƙanƙanta da tsufa a gidanku, ku buɗe shafin a kai, ku miƙa wa Inna ko Baba ba tare da kun yi bayani ba, ku ce su nemo muku hoton rijiyar. Ku zuba wa yatsansu ido. In ya tafi gefe, akwai sauran aiki.

Kafin masu gina shafuka su gyara nasu, ga abin da za ku yi in kun haɗu da shafi mai faɗi a ranar duba sakamako. Ku kwantar da wayar a kan gefenta, faɗin zai ƙaru kusan ninki biyu, sau da yawa darasi da maki su fito tare. In bai isa ba, ku taɓa ɗigo ukun da ke saman Chrome ku zaɓi Desktop site, shafin zai fito duka ko da rubutun ya ƙanƙance, ku ɗauki hotonsa, sannan ku buɗe hoton ku bi layi ɗaya-ɗaya. In fom ne kuma kuka rasa maɓallin turawa, kada ku rufe shafin ku ce ya tafi. Ku ja har ƙarshen dama, ku ja har ƙasa, ku danna, kuma kada ku tashi sai kun ga saƙon da ke tabbatar da an karɓa, kun ɗauki hotonsa kun ajiye.